Ruwa ya zaunar da mu wuni guda a kan Kilimanjaro, yanzu ana gardama kan tukuicin jagora

Ɗan_Wunti:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na dawo Bauchi lafiya, amma akwai maganar da har yau ba mu daidaita a kanta ba ni da abokan tafiyata, shi ya sa na kawo ta gabanku.

A watan Nuwamba muka hau dutsen Kilimanjaro da ke Tanzaniya ta hanyar Marangu, wadda ake kwana a ɗakunan katako maimakon tanti. Daga ƙofar Marangu ana kwana a Mandara, mita 2,700, kashegari a wuce Horombo, wajen mita 3,700. A tsarin kwana 6 da muka biya, dare biyu ake yi a Horombo don jiki ya saba da ƙarancin iska. Wunin da ke tsakani kuma akan fita a hau zuwa wani dutse mai zanen fari da baƙi da suke kira Zebra Rocks, wajen mita 4,000, a juyo a ci abincin rana.

To a wannan wunin ne ruwa ya sauko tun kafin asuba. Ba irin namu mai zuwa da iska da tsawa ya wuce ba. Siriri ne, mai sanyi, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Hazo ya rufe ko'ina, ɗakin da ke kusa da namu ma sai ka ƙura ido kafin ka ga rufinsa. Jagora ya zo da shayi ya ce a jira zuwa hantsi. Hantsi ya yi, ya ce a jira azahar. Da azahar ta yi ya ce fita kam ta fasu, kowa ya adana busassun kayansa saboda daren hawan ƙololuwa.

Muka wuni a ɗakin cin abinci. Gugguru da shayi, shayi da gugguru. Kowa ya rataya safarsa a jikin benci, ba wadda ta bushe. Akwai hankaki masu farin wuya da kaurin baki da suke tsaye a cikin ruwan suna jiran a zubar da ragowar abinci, na daɗe ina kallonsu ta taga. Wani cikinmu da muka taso tun daga gida ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo ba, a ranar ya ba mu labarin rasuwar mahaifinsa da yadda ya ɗauki nauyin ƙannensa. Wata dattijuwa 'yar Japan da ke wata tawaga ta zauna kusa da mu tana ɗinke safar hannunta, ba ma jin yaren juna amma da ta ga ɗan'uwanmu yana rawar sanyi ta miƙo masa hularta. Bayan la'asar ruwan ya tsagaita, gajimare ya sauka ƙasa da mu, sai ga tsaunin Mawenzi ya bayyana da sabuwar ƙanƙara a kansa. Da dare muka hango fitilun garin Moshi can ƙasa.

Ni a wurina wannan wunin yana cikin mafi daraja a duk tafiyar. Amma mutum biyu cikinmu sun ce jagora ya tauye mana haƙƙi, mun biya kuɗin fita ba a fita ba, don haka a rage masa tukuicin da aka yi niyya. Kuɗin yana hannuna, ni aka wakilta in tura. Me kuka gani?

Bappa_Dukku:
Wa alaikumus salam. Barka da dawowa ɗana. Ka tura masa kuɗinsa cif. Ruwa ba shi ya saukar ba.

Sarkin_Yawo:
Barka da sauka Ɗan_Wunti. Ni kam ina tare da mutum biyun nan, ko da ba a kan rage kuɗi ba, a kan cewa ya kamata a fita. Daga Horombo zuwa Zebra Rocks hanya ce a fili, ba hawan bango ba ne, kuma ka faɗa da bakinka babu tsawa babu iska. Wanda ya je dutse a watan Nuwamba ya san ƙaramar daminar ƙasar ce, ya san zai jiƙe. Amfanin wannan fitar shi ne a hau sama a dawo a kwana ƙasa, jiki ya ɗanɗana tsayin kafin ranar Kibo, masaukin ƙarshe kafin ƙololuwa. Jagoran da ya soke ta saboda yayyafi ya sauƙaƙa wa kansa aiki ne. Ina tambaya, sauran tawagogin da ke wurin duk sun zauna?

Ɗan_Wunti:
@Sarkin_Yawo gaskiya wasu sun fita. Wata tawagar Turawa ta fita da rigunan ruwa masu kyau daga sama har ƙasa, sun dawo lafiya. Mu kuwa yawancinmu kayan haya ne muka karɓa a Moshi, wasu rigunan tun a dajin Mandara suka nuna suna yoyo. Jagoran ya duba kayan kowa kafin ya yanke.

Sarkin_Yawo:
To ka ga laifin ya koma kan kamfanin da ya ba ku hayar kayan da ke yoyo. Amma dai an yi muku asarar wuni.

Likitan_Azare:
Bari in sa baki a matsayina na ma'aikacin lafiya, don akwai abin da ake cakuɗawa a nan.

Babban abin da jiki ke samu a Horombo shi ne dare na biyun da ya kwana a wannan tsayin. Shawarar da likitocin tsaunuka ke bayarwa ita ce, idan aka wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya riƙa ƙaruwa da fiye da mita 500 a dare, kuma a riƙa sa ranar hutu. Hanyar Marangu kuwa kusan mita 1,000 take tsallakawa kullum: Mandara 2,700, Horombo 3,700, Kibo 4,700. Saboda haka ranar hutun ita ce maganin, ko an fita ko ba a fita ba. Fita zuwa sama a dawo tana ƙara taimako, ban musa wa Sarkin_Yawo ba. Sai dai a auna ta da abin da za a rasa.

Abin da za a rasa shi ne busassun kaya. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana sauka da kusan digiri 6 da rabi. Mutum ya jiƙe a wuri irin wannan, iska ta ɗan kaɗa, zafin jikinsa yana zubewa da sauri fiye da yadda yake zato, kuma tufafin auduga da muka saba da su su ne mafi muni, suna riƙe ruwa su manne a fata. Ba sai ƙanƙara ta sauka ba sanyi ke kisa. A watan Mayun 2021 a lardin Gansu na ƙasar Sin, 'yan tsere 21 suka mutu a kan tsauni a rana ɗaya saboda ruwa da iska da sanyi sun same su da kaya marasa kauri, kuma cikinsu akwai ƙwararru. Ku kuma kwana biyu bayan nan za ku fita da tsakar dare zuwa mita 5,895, inda iskar da ake shaƙa ba ta wuce rabin ta bakin teku ba. A Horombo babu inda za ka busar da takalmi idan rana ba ta fito ba.

Ni da ni ne jagoran, abin da ya yi zan yi.

Hajiya_Jekadafari:
Allah ya saka da alheri Likita. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ɗan_Wunti, ku kuna ciki kuna shan shayi, su waye suke dafa shayin, su waye suke ɗebo ruwan? 'Yan dakon fa? Ba ka ce komai a kansu ba.

Ɗan_Wunti:
Hajiya kin taɓo inda ya fi damuna. Wuninmu na hutu ne, nasu ba haka ba. Tun da safe cikin ruwan suke kawo mana ruwan ɗumi a roba na wanke fuska. Wajen azahar 'yan dakon wasu tawagogi suka riƙa isowa daga Mandara, kaya a ka, an naɗe da leda mai kauri, su kansu kuwa sharkaf. Na ga wani yaro da bai wuce sa'ar ƙanena ba, takalminsa na ƙwallo ne da ya yage a gefe, ya sauke kaya ya tsaya a ƙarƙashin rufi yana hura hannunsa. Doka ta ce kada kayan matafiya da ɗan dako zai ɗauka su wuce kilo 20, kuma ana aunawa a ƙofa, amma a kan wannan akwai nasa kayan, sannan jiƙaƙƙen kaya ai ya fi nauyi.

Da yamma kuma aka sauko da wani daga Kibo a kan gadon ƙarfe mai taya ɗaya, mutum da yawa suna riƙe da shi ta ko'ina, suna gudu da shi cikin taɓo don a kai shi ƙasa inda iska ta fi yawa. Ɗakin ya yi tsit har suka ɓace.

Kuma abin da abokaina biyu ba su duba ba, tukuicin nan ba na jagora kaɗai ba ne. Da mai dafa abinci da 'yan dako duk a ciki ake rabawa.

Hajiya_Jekadafari:
To magana ta ƙare a wurina. Wanda ya iya sayen tikitin jirgi zuwa Tanzaniya bai kamata ya zauna lissafin abin da zai cire daga bakin ɗan dako ba. Ka gaya musu Hajiya ta ce su ji tsoron Allah.

Direban_Bajoga:
Hajiya a yi haƙuri, kada a mai da su azzalumai. Ni direba ne. In fasinja ya biya ni Gombe zuwa Yola na sauke shi a Numan saboda gada ta cika, ba laifina ba ne, amma yana da bakin tambayar canji. Mutanen nan tara kuɗin suka yi, wata da watanni, ga yadda dala take. Su tambayi kamfani ragi, wannan daidai ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a huce a kan ma'aikata.

Bappa_Dukku:
Direba ka yi gaskiya rabi. Shi fasinjanka bai isa Yola ba. Su waɗannan an kai su inda aka yi alkawari ko ba a kai su ba? Ɗana, kun hau ƙololuwar?

Ɗan_Wunti:
Bappa, yawancinmu mun kai ƙololuwar, wato Uhuru, alhamdu lillahi. Ɗaya ya tsaya a Gilman, bakin ramin dutsen, ya ce ƙafarsa ta ƙi. Ɗaya kuma tun a Kibo jagora ya hana shi fita saboda amai da ciwon kai, kuma yana cikin biyun da ke ƙorafi. Shi a ganinsa da an fita Zebra Rocks da jikinsa ya saba.

Sarkin_Yawo:
Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan tun farko.

Likitan_Azare:
Yallaɓai Sarkin_Yawo, wannan ba hujja ba ce. Ciwon tsauni yana kama wanda ya fita da wanda bai fita ba, yana kama ɗan ƙwallo ya bar dattijo. Tafiyar awa uku zuwa mita 4,000 ba ta isa a ce ita ce ta raba wanda ya kai da wanda bai kai ba, tunda sauran da suka zauna tare da shi sun kai. Ina tausaya masa ƙwarai, mutum ya zo har Kibo a ce ya juya, abin da ciwo. Amma jagoran da ya hana mai amai da ciwon kai hawa ya cece shi ne daga kumburin ƙwaƙwalwa ko taruwar ruwa a huhu. Wannan gadon mai taya ɗaya da Ɗan_Wunti ya gani, irin waɗannan yake ɗauka.

Tunda na samu dama, ga wani abu da ya shafe mu musamman. Mai sikila kada ya kusanci irin wannan tsayin ba tare da likitansa ya sani ba. Ko mai AS ma, wanda ke zaune lafiya a gida, akan samu wanda saifarsa ke ba shi matsala a tsauni mai tsawo. Ku san ko ku AA ne, AS ko SS kafin ku biya kuɗi.

Ɗiyar_Tula:
Likita na gode da wannan, ni AS ce kuma ban taɓa jin haka ba. Dutsenmu na Tula da Kilang ma da matsala?

Likitan_Azare:
A'a ƙanwata, namu ba su kai tsayin da ake magana ba. Ki hau abinki, ki sha ruwa sosai. In za ki wuce mita 2,500 ne sai ki fara zama da likita.

Baba_Kobi:
Ni tsoho ne, ku yi haƙuri da tambayata. Me ya kai ku wata ƙasa neman dutse? Ga Mbula a Dass, ga Zaranda a hanyar Jos, ga Bima wajen Dadin Kowa. In tsawo kuke so ga Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419, babu wanda ya fi shi a Najeriya, yana cikin gandun Gashaka-Gumti. Kuɗin da kuka kai Tanzaniya da ya zaga da ku duk waɗannan har da kwana a Yankari ku yi wanka a Wikki. Sannan batun zama saboda ruwa, mu da muka yi noma mun san marka. A watan Agusta sai a wuni ana yi, ba mai zuwa gona, a zauna a zaure a gasa masara a gyara ƙotar fartanya. Ba wanda ya taɓa kiran wannan asara. Yaran yanzu ne kuke ganin duk wunin da ba a ɗauki hoto ba ya lalace.

Ɗan_Wunti:
Allah ya ƙara girma Baba. A Mbula da Zaranda muka yi atisaye kafin mu tafi, ba mu raina na gida ba. Amma akwai abin da sai can. A tafiya ɗaya ka ratsa gonakin ayaba da kofi na ƙabilar Chagga, ka shiga daji mai duhu da birai, ka fito fili mai wasu itatuwa masu kauri da ban taɓa ganin irinsu ba, ka shiga hamada mai duwatsu, ka ƙare a kan ƙanƙara, alhali kana dab da tsakiyar duniya inda ya kamata a ce zafi ne. Ganin ikon Allah ne Baba.

Baba_Kobi:
To Allah ya sa albarka. Amma Chappal Waddi na nan na jiranku.

Malam_Gwallaga:
Assalamu alaikum. Na ga ba wanda ya tambayi yadda aka yi da salla, kuma masu niyyar tafiya suna karantawa. Ɗan_Wunti, yaya kuka yi?

Ɗan_Wunti:
Allah gafarta Malam, mun yi ƙasaru, kuma ranakun tafiya mun haɗa azahar da la'asar. Ranar ruwan kam kowace a lokacinta muka yi, a cikin ɗakin kwana, biyu-biyu saboda ƙunci. Abin da ya ba mu mamaki shi ne alƙibla. Mun saba da fuskantar gabas, can kuwa kusan arewa sak take. Wani mai dafa abinci Musulmi ne ya fara nuna mana, muka duba waya ta tabbatar. Alwalar asuba ce ta fi wuya.

Malam_Gwallaga:
Madalla, kun yi daidai. Dare biyu a wuri ɗaya ba ya yanke hukuncin tafiya, a mazhabarmu sai an yi niyyar zaman kwana huɗu ake cikawa. Game da alwala, idan akwai ruwan ɗumi kamar yadda ka ce suna kawowa, a roƙe su tun da dare a ajiye a filas. In babu hanyar ɗumama shi kuma mutum yana tsoron cutuwa da gaske, taimama ta halatta, kuma dutse yana cikin abin da ake yin ta da shi, can kuwa ba a rasa dutse. Wanda zai iya ya tafi da huffi na fata ya sa bayan cikakkiyar alwala, sai ya riƙa shafa a kai.

A kan tukuici kuma, idan tun farko an ambata wa ma'aikatan adadi, ko al'adar wurin ta sa sun dogara da shi a matsayin wani ɓangare na ladansu, to rage shi saboda abin da ba su da iko a kansa bai dace ba. Amma kai wakili ne. Kason mutum biyun nan ba za ka tura ba da izininsu ba. Ka zauna da su.

Direban_Bajoga:
Yawwa Malam. Wannan gaɓar ta ƙarshe ita ce ba wanda ya faɗa. Kowa na cewa tura, tura, alhali kuɗin ba nasa ba ne shi kaɗai.

Ɗalibin_Sikotlan:
Ina gaida manya. Ni ɗan Gombe ne, karatu ya kawo ni nan Sikotlan. A ƙasar nan in ka ce sai ruwa ya ɗauke za ka fita, to ba za ka fita ba. Mun je Ben Nevis da 'yan makarantarmu, mita 1,345 ne kawai, amma shi ne mafi tsawo a Birtaniya kuma yawancin ranaku kansa a cikin gajimare yake. Mun hau cikin ruwa tun daga Fort William, muka kai sama ba mu ga komai ba sai kangon tsohon gidan auna yanayi da aka rufe a 1904. Don haka na fahimci Yaya Sarkin_Yawo. Sai dai bambancin shi ne mu da yamma muna cikin ɗaki mai hita, kayanmu na bushewa. Su kuwa sama za su ƙara yi da kayan da suka jiƙe. Ba abu ɗaya ba ne.

Sarkin_Yawo:
Ƙanena, ni a Dutsen Kamaru na koyi tafiya cikin ruwa. Daga Buea ake hawa, mita 4,040, dutse mai aman wuta ne da ya yi a 1999 da 2000. A gefensa na teku akwai Debundscha inda ruwan shekara ke kai milimita 10,000, mu nan Bauchi wajen 1,000 muke samu. Jagororin can ba sa tsayawa don yayyafi, sai dai su ce ka sa kayan kwananka a leda biyu a cikin jaka, ka yi tafiya da jiƙaƙƙu, in an isa bukka ka canja, da safe ka mai da jiƙaƙƙun. Da haka kullum kana da busassu. Wannan dabarar jagoransu ya kamata ya koya musu, ba ya zaunar da su ba.

Likitan_Azare:
Dabarar tana da kyau kuma ina amfani da ita. Amma takalmi fa? Takalmi ɗaya kowa ke da shi, kuma da shi zai taka ƙanƙara da tsakar dare.

Sarkin_Yawo:
A nan kam ka kama ni da gaskiya, takalmi matsala ne. Amma ban janye ba. Da sai ya raba su, masu kayan kirki su fita da mataimakinsa, sauran su zauna.

Ɗiyar_Tula:
Raba tawaga ma ai yana da nasa. A Kilang mun taɓa rabuwa saboda hadari ya taso, wasu suka ce za su ƙarasa, muka juyo. Dutsen nan in ya jiƙe santsi gare shi sosai. Muka zauna a gindi hankali a tashe har bayan magariba kafin suka sauko, ɗaya da targaɗe. Tun daga ranar muka sa doka, in jagora ya ce a juya kowa ya juya. Kuma don masu hawa na gida, namu ruwan da tsawa yake zuwa. In ka ga walƙiya ka ƙirga, duk daƙiƙa 3 kafin ka ji ƙarar kilomita ɗaya ke nan tsakaninku. In tazarar na raguwa, sauka daga kan dutse, kada ka fake a ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Ɗan_Wunti ina da tambaya ta mata. Ɗakunan nan a haɗe ake kwana?

Ɗan_Wunti:
Ɗakunan Horombo ƙanana ne masu gado sama da ƙasa, kuma ba a raba maza da mata sai an nema. Matan da ke cikinmu tun a Moshi muka gaya wa kamfani, aka ba su nasu. Ki faɗa tun kafin ki biya, kada ki bari sai an isa. Su ma sun ce wunin ruwan ne suka samu suka huta da gaske, ɗaya ta ce barcin da ta yi da rana a ranar shi ya kai ta Uhuru.

Ummu_Dass:
Ni abin da ya taɓa ni a labarin nan shi ne mutumin da ya ba ku labarin mahaifinsa. Da kun fita, kowa na haki yana kallon ƙafarsa, da ba ku ji ba. Maigidana yana cikin masu raka baƙi Mbula, kullum yana cewa ba a sanin abokin tafiya a kan hanya, sai an zauna. Ina fata dai ba za ku bari kuɗin tukuici ya raba ku ba bayan kun ci wannan wuyar tare.

Bappa_Dukku:
Mu da muka tashi da shanu, in ruwa ya kama ka a daji ba ka gardama da wanda ya fi ka sanin dajin. Mutumin nan dutsen wurin aikinsa ne, ku baƙi ne. Dokar ƙasarsu ma ba ta yarda a hau ba jagora ba. Ka sa shi gaba, ya ce tsaya, sannan ka ci shi tara don ya ce tsaya? Gobe in wasu suka zo zai ji tsoron faɗin gaskiya, ya fita da su cikin abin da bai kamata ba don kada a rage masa. Wannan ne haɗarin da nake gani, ya fi kuɗin.

Direban_Bajoga:
Bappa wannan haka yake. Mu ma in fasinja na matsa wa direba ya yi gudu, ƙarshenta ba ta kyau. Ni dai har yanzu ina ganin su rubuta wa kamfanin kan kayan haya masu yoyo.

Ɗan_Wunti:
Na gode ƙwarai jama'a. Na bi shawarar Malam, na kira su biyun. Ɗaya ya ce in tura kasonsa duka bayan na karanta masa maganar Bappa. Ɗayan, wanda aka juyar a Kibo, ya ce na 'yan dako da mai dafa abinci a tura cikakke, na jagora kuma a bar shi ya yi tunani. Ban matsa masa ba, zuciyarsa ba ta huce ba tukuna. Takardar ƙorafi kan kayan haya kuma za mu rubuta, Direba.

Hajiya_Jekadafari:
In ya ƙi, ka gaya mini nawa ne gibin, ni zan cika.

Sarkin_Yawo:
Hajiya Allah ya biya ki. Ni dai matsayina na nan, fita ta fi. Amma ga masu shirin zuwa, hanya mafi sauƙi ita ce kada ku je a damina. Babbar daminarsu daga ƙarshen Maris zuwa Mayu ce, ƙaramar kuma Nuwamba. Janairu da Fabrairu, ko Yuni zuwa Oktoba, sun fi bushewa. In dole sai lokacin ruwa hutunku ya kama, ku tambayi hanyar Rongai da ke hawa ta arewa wajen iyakar Kenya, ta fi ƙarancin ruwa, sai dai tanti ake kwana. Kuma ku sayi rigar ruwa da takalminku tun daga gida ku gwada su a daminarmu.

Ɗiyar_Tula:
Yaya Sarkin_Yawo, a ina ake samun takalmin kirki a nan? Na duba gwanjo a Gombe ban samu lambata ba.

Sarkin_Yawo:
Ki gwada 'yan gwanjon Jos, wajen Taminus, sun fi samun na hawan dutse saboda sanyin garin. Ki je da safa mai kauri ki gwada da ita, ki ɗauki wanda ya ɗara ƙafarki kaɗan, in ba haka ba farcenki zai sha wuya a gangara.

Baba_Kobi:
In kun gama sayen takalman, a sa ranar Mbula bayan an ɗauke ruwa. Ni ba zan hau ba, amma zan zo da masa in jira ku a gindi.

Ummu_Dass:
Baba ku sanar da wuri don in gaya wa maigida. Asabar ta fi, kuma a fito da sassafe kafin dutsen ya ɗau zafi.